Kaluluwar da Ba Ta Ciwo

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwar da ta daɗe ba ta zo ba, da fatan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida da maƙwabtan rumfa. Mu nan lafiya lau muke, sai 'yar damuwar da ta sa na ɗauki biro.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wane ne kuma wannan. Ni ne Tela, wanda kakansa da babanki 'yan wa da ƙani ne, yaron nan da kika taɓa ɗura wa ruwan ɗaci a tsakar gida har ya cije ki a yatsa. Na so in kira ki a waya, sai direban motar kayan da ke bi ta kasuwarku ya biyo ta layinmu ya ce kada in wahalar da kaina. Wai kunnenki ya yi nauyi, in an kira ki sai dai ki yi ta "iye, iye" har katin mutum ya ƙare. Amma ya ce takarda kina karanta ta tsaf in kin sa tabarau. Shi ya sa na ba shi wannan ya kawo miki.

Gwaggo, kaluluwa ce ta fito mini a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɓangaren hagu. Haƙorina na can ciki ne ya fara ciwo, dasashi ya kumbura, bayan 'yan kwanaki na wayi gari da ƙululu a wuya. Tana da zafi, in na taɓa ta har cikin kunne nake ji. In na sunkuya kan keke zan sa zare a allura sai in ji kamar an soka mini tsinke. Mai ɗakina ta ce in je asibiti, na ce ta bar ni, mu a danginmu kaluluwa ba ta kai mu asibiti, wurin Gwaggo take kai mu. Marigayi Baba ya sha faɗa mini cewa duk wanda wuyansa ya kumbura a zuri'ar nan, ke kike sauke shi.

Ko da ma na so zuwa, ina lokacin? Wata makaranta ta ba ni ɗinkin kayan ɗalibai, riga da wando, shago ya cika da yadi har ba wurin ajiye ƙafa, kuma kafin a koma hutu suke so. In na je na zauna a bencin asibiti daga safe zuwa la'asar, wa zai taka mini keken?

Don Allah ki haɗa mini irin wanda kika saba. Na yi alkawari wannan karon ba zan ciji kowa ba.

Ɗanki,
Tela

* * *

Zuwa ga Tela mai cizo,

Wa alaikumus salam. Na amsa gaisuwarka, ko da yake ta yi nawa a hanya. Lafiyata lau, ina cin abincina, ina faɗana da masu taya magani kamar suna taya tumatir. Ina mai ɗakinka da yaran? Ka gaishe su, ka ce musu suna da kaka a nan ko ubansu bai faɗa musu ba.

Ban manta da kai ba, yatsan ma bai manta ba. Ashe sai haƙori ya yi kogo ake tuna Gwaggo. To na gode wa haƙorin, ya fi ka zumunci.

Ka saurara da kyau, don ba na son maimaita magana ko a takarda. Kaluluwa ba ita ce cutar ba. Mai gadi ce, in ta ga ɓarna a kusa da ita sai ta miƙe tsaye. Taka haƙorin nan ta gani. In haƙori ya kwanta, ita ma za ta koma ta zauna.

Ga ƙulli biyu a jakar da na ba Direba. Na farin tsumma kanumfari ne da gishiri. Ka tafasa, ka bari ya huce, ka riƙa kurkure baki safe da yamma, ka tofar, kada ka haɗiye. Na jan tsumma citta ce da kurkur. Shi kuma ka tafasa, ka tace, ka zuba zuma, ka sha da ɗuminsa. Tafarnuwa kuna da ita a can, a riƙa sa maka a abinci, in abokan hirarka sun gudu su suka sani. Wurin kumburin ka riƙa gasa shi da tsumma mai ɗumi. Kada ka matsa, kuma kada ka yarda wani mai rawar kai ya ce zai tsaga maka. Haƙorin kuwa ka kai wa likitan haƙori da zarar ka samu sarari, don ganye ba ya toshe kogo, ni da nake sayar da shi na faɗa maka.

Saura abu ɗaya. Ni ba na ba da magani ban ga ciwo da idona ba, kai kuma ka je ka maƙale a nesa. To ga yadda za mu yi. Awo sana'arka ce. Ka ɗauki zare ka shimfiɗa a kan kaluluwar daga wannan gefe zuwa wancan, ka yanke daidai faɗinta, ka manna a jikin takarda ka aiko mini duk sanda Direba zai taso. In jera su a nan in ga ko tana sauka. Ban da ƙarin da kuke yi wa yadi saboda ɗinki, ban da ragi don ka faranta mini. Ku teloli na san ku, kullum riga "gobe" take gamuwa.

Jakar ka dawo mini da ita, ita ce zan riƙa zuba maka. Allah Ya ba ka lafiya.

Gwaggonka

* * *

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya. Yara sun ji saƙonki, ƙaramar har tana tambaya ko kakar tata tana da alewa a rumfa. Na ce mata abin da ke rumfar nan ba ya kama da alewa ko kaɗan.

Ga zare biyu na manna miki a ƙasa. Baƙin shi ne awon ranar da jaka ta iso, farin kuma na jiya ne. Wallahi ban rage ko ƙwayar zarra ba, ki dubi bambancin da kanki. Haƙori ya yi shiru, dasashi ya sace, yanzu ina tauna a ɓangaren hagu ba tare da na yamutsa fuska ba. Zafin wuyan ma ya tafi sai ɗan kaɗan in na danna.

Mai ɗakina ta sha tsiya a wurina. Kullum na ɗaga kofin cittar nan sai in ce mata ga asibitinmu nan. Ita kuma ta ce warin tafarnuwa ya ishe ta, wai har matashin kai ya ɗauka. Telan da ke shagon jikin nawa ya ga yadda na warware, ya ce shi ma in roƙa masa na ciwon baya. Na ce masa ya fara neman Gwaggo a danginsu, tamu ba ta aro ba ce.

Ɗinki yana tafiya. Na gama rigunan, na shiga wandunan. Gajiya dai akwai ta, in na tashi daga kan keke da yamma ƙafafuna rawa suke, amma wanda ya yini yana taka ƙarfe ai dole ya gaji.

Ga jaka nan. A ƙara mini na jan tsumman, ya kusa ƙarewa.

Ɗanki,
Tela

* * *

Zuwa ga Tela,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, kuma yau na fi jiya saboda zarenka. Na jera su a kan tebur na kira mai sayar da tukwane da ke kusa da ni ta zo ta gani. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai zare biyu. Na ce ai shi ya sa kike sayar da tukwane.

Alhamdu lillahi, tana sauka yadda ya kamata. Ka ci gaba kamar yadda kake yi. Na ƙara maka citta da kurkur, na kuma sa maka garin zogale saboda gajiyar da ka ambata, ka riƙa barbaɗawa a abinci. 'Yan boko suna cewa yana ƙara garkuwar jiki. Ni dai abin da na sani, ganye ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin abinci da barci. Ka ci ka ƙoshi, ka tashi daga kan keken nan kafin ido ya fara yaji.

Ka daina tsokanar mai ɗakinka. Matar da ta ce ka je asibiti ba ƙinka take ba. 'Yar ƙaramar kuma na sa mata dabino a gefen jaka, kada ka cinye ka ce Direba ne.

Gwaggonka

* * *

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shirun da na yi. Direba ya zo ya wuce har sau nawa ban samu na zauna na rubuta ba. Ina fatan kina lafiya. Yara lafiya, dabino ya isa hannun mai shi.

Ga zaren ƙarshe nan, in ma za ki iya ganinsa. Sai da na sa ɗan yatsa na lalubo wurin kafin in auna. Kaluluwar muƙamuƙi ta tafi abinta, Allah Ya saka miki da alheri.

Bari in ba ki dariya. Ina ta ɗinka wa 'ya'yan mutane wando, nawa yana neman zamewa a tsakiyar layi. Na cire shi na rage ƙugun, bayan ɗan lokaci ya sake yin yawa, na sake ragewa. Na ce wa mai ɗakina ta gode wa Allah da ta auri tela, da wani ne da tuni an shiga sayen sababbin kaya. Ba ta yi dariya ba. Ita kwanan nan komai fushi take da shi. Wai ina jiƙa zanen gado da gumi har sai ta canja, alhali ɗakin ba zafi. Wai ina barin abinci a kwano. To mutumin da aiki ya sha masa kai, ina zai ga bakin cin abinci?

Abin da ya fi ba ni dariya, ƙugu yana raguwa wuyan riga yana matse ni. Wata 'yar kaluluwa ce ta fito a ƙasa, a ramin nan na saman ƙashin wuya, ɓangaren hagun dai. Na daɗe da jin ta, ina tsammani ma ta riga ta muƙamuƙin fitowa, amma ban kula ba. Ban auna miki ita ba, tunda ta sama kika ce in riƙa aunawa, kuma wannan ba ta ciwo ko kaɗan. Tauri ne da ita kamar maɓallin kwat, in na tura ta ba ta motsi, zaune take abinta ba ruwanta da kowa. Maɓallin wuyan riga ne kawai yake gugarta, shi ma na matsar da shi gefe, magana ta ƙare.

Tunda maganin ya kori babbar mai zafi, wannan marar zafin ai ba za ta yi gardama ba. Ki ninka mini ƙullin a wannan karon, don kada in riƙa damun ki da aike. Saura kaɗan in gama wandunan, daga nan in huta in mayar da jikina.

Ɗanki,
Tela

* * *

Tela,

Na amsa gaisuwa. Direba ya riga ya tayar da mota yana ta yi mini hon, ba ni da lokacin dogon rubutu.

Ba zan ƙara aiko maka da magani ba. Kada ka ƙara aiko mini da zare. Wannan ta ƙasan ba tawa ba ce. Ka kai ta asibiti, kada ka jira a gama ɗinki. Ga jakar nan, ba komai a ciki.

Gwaggo

* * *

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Saƙonki ya iso. Direba ya miƙo mini jakar a ƙofar shago, telan jikina yana tsaye, mai gugar layinmu yana tsaye. Na buɗe da murnata a gabansu, don na riga na cika musu baki da Gwaggona. Na zura hannu har ƙasa ban taɓo komai ba sai 'yar takarda. Mai guga ya ce ko maganin ya zube a hanya. Na ce e, ya zube. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na karanta takardar na sake karantawa. Da kin ce mini na cika roƙo, da na fahimta. Na san na yi wauta da na ce a ninka, ni da ban taɓa leƙo ki ba sai da buƙata ta kawo ni. Amma da sai ki faɗa mini haka kai tsaye, ba ki tura ni asibiti kamar yadda ake sallamar baƙon da ya daɗe a zaure ba. Kin ce ba taki ba ce. Na gane. Dama zumuncin namu sai an zauna an yi ta lissafin kakanni kafin a gano inda ya haɗu. Ni ne na ɗauke shi da zafi, saboda tun da Baba ya rasu ba ni da wani babba da zan rubuta wa "ɗanki" a ƙasan takarda. Raina ya ɓaci, Gwaggo, ba zan ɓoye miki ba.

Kada ki damu da ni. Akwai wani mai magani da ke tsayar da motarsa a bakin layinmu da lasifika. Na nuna masa wuyan, ya taɓa, ya ce ba komai ba ne, garkuwar jikina ce ta yi rauni saboda aiki. Ya ba ni wani ruwa a kwalba mai hoton ganye a jiki, ya ce in na shanye 'yan kwalabe za ta narke da kanta, ƙiba ma ta dawo. Na fara sha. Yana sa ni zawo kaɗan, amma ya ce dattin ciki ne yake fita.

Mai ɗakina ta ga takardarki ta samu abin faɗa, wai ga shi har Gwaggon taka ta ce asibiti. Na ce mata a bar maganar.

Na gode da abin da kika yi a baya, Allah Ya biya ki. Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba. Jakar na ba Direba ya mayar miki.

Tela

* * *

Zuwa ga ɗana Tela,

Wa alaikumus salam. Ka tambayi lafiyata, to ba ni da ita tun da na karanta takardarka. Abinci ma tura shi nake.

Kai wane irin mutum ne? Na rubuta maka layi huɗu mota tana jira, ka bar abin da na ce ka je ka karanto abin da ban ce ba. Citta da kurkur ne za su gagare ni? Buhu ne da su a bayana, ko kullum ka aiko zan cika maka jaka. Lissafin kakanni kuma ka bar wa kanka. Ni ranar da ka cije ni ban tsaya lissafi ba kafin in goya ka ka yi shiru. Kunyar da ka ji a gaban mutane ban so ba, ka yi haƙuri da ita. Amma ka bar fushi ka karanta wannan a hankali.

Kaluluwa iri-iri ce. Akwai mai zafi, mai laushi, mai motsi a ƙarƙashin yatsa, wadda ka san abin da ya tayar da ita, haƙori ko maƙogwaro ko wani ƙurji. Irin wannan ita ce ta gidanmu, ita na saba saukewa, kuma gaskiya ko ban sa hannu ba yawanci da kanta take sauka. Akwai kuma wadda ba ta ciwo, mai tauri, wadda ta kafe wuri ɗaya ta daɗe. In irin wannan ta fito a saman ƙashin wuya, mai ita kuma yana ramewa, yana jiƙa shimfiɗa da gumi, abinci ya fita ransa, to ba a tsayawa jiƙa ganye. Rashin ciwon da kake murna da shi, shi ne ya faɗar mini da gaba. Kai kana ba ni labarin wando kana dariya, ni ina karantawa ina salati.

Ban san mece ce ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na sani ba. Tana iya zama irin tarin fukan nan da ke sauka a wuya ba tare da tari ba, wanda asibiti suke da maganinsa sarai in mutum ya jure shan sa. Tana iya zama wani abu da ya fi wannan nauyi, wanda zuwa da wuri shi ne rabin maganinsa. Su suke da abin duba jini da ɗaukar hoto, su za su ɗebi ɗan abin da ke cikinta su gani. Ni zare na ba ka, kuma zaren ma wata kaluluwar ya auna mini, ina nan ina murna.

Na hana ka magani ne don na san jininmu. Muddin akwai ƙulli a jaka za ka ce bari in ga ƙarshen wannan tukuna. Ban yi zaton za ka je ka faɗa hannun mai lasifika ba. Mutumin da ya taɓa wuyanka a bakin titi ya ce ba komai, gobe yana wani gari da motarsa. Ka ajiye kwalbar nan. Jikin da ke ramewa ba ya buƙatar zawo, kuma ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. In za ka asibiti ka tafi da ita ka nuna musu.

Mai ɗakinka ta fi mu gaskiya ni da kai tun farko. Ka bi ta ku je. Wandunan makaranta ka ba telan jikinka ya ƙarasa, yara ba za su je aji tsirara ba. Ka rubuto mini abin da likita ya ce, ko layi ɗaya ne. Ina jin tsoro, ɗan nan, kuma ban saba faɗar haka ba.

Gwaggonka, ko ka so ko ka ƙi

* * *

Zuwa ga ɗana Tela,

Assalamu alaikum. Lafiyata ba sai ka tambaya ba, za ka gani da idonka.

Na jira amsarka har na gaji da leƙen hanya. Duk zuwan Direba sai in tare shi, ya girgiza kai. Na sa 'yata ta kira ka a waya, ka ƙi ɗauka. A zuwansa na ƙarshe na tsare shi na ce ya faɗa mini gaskiya ko in hana shi inuwar rumfata. Ya ce takardata tana nan a kan teburin yankanka, almakashi a kanta, ko buɗe ambulan ɗin ba ka yi ba. Ya ce mai ɗakinka ta bi shi har bakin mota tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce ya gaya mini ita ta yi iya yinta, in ta ambaci asibiti sai ka tashi ka bar mata ɗakin. Ta ce kwalaben sun taru a ƙarƙashin gado, kai kuma kullum ƙara zubewa kake.

Shi ya sa wannan ban sa ta a ambulan ba. Na ce ya miƙa maka ita a buɗe, ya tsaya a kanka har ka kai ƙarshe. Dogon bayani yana cikin waccan da ka danne da almakashi, ka karanta daga baya. Taƙaitaccensa shi ne ban gaji da kai ba, kaluluwar nan ce ta fi ƙarfin abin da ke rumfata, kuma duk ranar da ta wuce asara ce.

Na rufe rumfar, na bar wa mai tukwane makulli. A gaban motar Direba na fara rubuta wannan, a kan cinyata, shi ya sa layukan suka karkace. Yanzu mun tsaya a bakin layinku, daidai wurin mai facin taya.

Ina hango ka daga nan. Da Direba bai nuna mini shagon ba, da ban gane ka ba, ni da na zo ina neman fuskar babanka. Rigarka ta yi maka yawa a kafaɗa. Na ga ka taka keken kaɗan ka tsaya, ka dafa tebur, ka sake takawa. Na ga yadda ka naɗa ƙyalle a wuya cikin wannan rana. Na yi kukana na gama, na goge fuska, ba za ka gan shi ba.

Ban shigo ba don kada in yi maka faɗa a gaban maƙwabtanka, kunya ɗaya ta ishe ka. Ka rufe keken, ka ce musu baƙuwa ka yi. Mai ɗakinka, da na sa 'yata ta kira ta kafin mu taso, tana can ƙofar asibiti tana jiranmu, ta kai yara gidan ƙanwarta. Direba ya ce ba zai sauke kayan mutane ba sai ya sauke mu tukuna. Layin komai tsawonsa tare za mu zauna, kuma duk abin da likita zai faɗa, da ƙarfi zai faɗe shi don ni ma in ji.

In ka ƙi fitowa, ba inda za ni. A nan zan zauna cikin motar mutane har ka gaji da ganina.

Na ga ka ɗago kai kana kallon motar. Bari in ba Direba takardar.

Gwaggonka